Gurnanin Munzali

A Birnin Kudu in ka tambayi gidan Munzali mai jita, sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce dogon nan da ke tsayawa a bayan 'yan fiyano, jingine da lasifika kamar shi aka bai wa ajiyarta, nan take za a nuna maka lungunsu. Ya haura shekara ashirin yana kiɗa a bukukuwan garin nan da na kewaye, har Gwaram da Basirka, amma da wuya ka tara mutum biyar da za su faɗa maka abin da yake kaɗawa. Mutanenmu suna da kunnen murya, suna da kunnen kalangu. Abin da ke can ƙarƙashi, wanda ke ɗaga musu ƙafa yana sauke ta, wannan kam ba su san da zamansa ba, kuma ba su damu su sani ba.

Abin da yake ratayawa a kafaɗa sunansa bes. Jita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu na ƙarfe, mafi kaurinsu ta kusa kai wayar birkin babur. Ba ta rera komai, gurnani take yi. Mai riƙe da ita aikinsa sauraro: ya ji inda fiyano ta nufa, ya ji inda mawaƙi zai sauka, ya riga su isa can ya shimfiɗa musu wuri. Sana'a ce ta kunne tun kafin ta zama ta hannu. Kunnen kuwa shi ne ya fara barin Munzali.

Ɗan Kiyako ne, gidan noma gaba da baya, babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarsu. Yana saurayi aka kawo shi gari koyon gyaran rediyo wurin Malam Manu, wani dattijo da ya taɓa kiɗa a wani otal a Jos zamanin ƙuruciya, ya dawo gida ya ce ya tuba. Tuban dai bai kai ga jefar da jitar ba, tana nan rataye a ƙuryar shago cikin buhun taki. Wata rana maigidan ya tafi ta'aziyya, Munzali ya sauko da ita, ya jona ta da wata lasifika da aka kawo gyara, ya ja tsirkiyar nan mai kauri. Kusoshin da ke kan tebur suka hau rawa. Kafin sautin ya iso kunnensa ya riga ya ji shi a ciki, daidai inda yunwa ke zama. Da Malam Manu ya dawo ya tarar da shi bai yi faɗa ba, ya dai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ba haka ake ɗora babban yatsa ba." Daga ranar gyaran rediyo ya koma na jeka-na-yi-ka.

Labari ya kai Kiyako, mahaifinsa ya hau keke ya zo da kansa. Ya zauna a kan benci ya ce a kaɗa masa abin da ake ƙin noma saboda shi. Munzali ya zage ya kaɗa duk abin da ya iya, gumi na zuba. Tsohon ya yi ta jira, can ya ce, "To, na ji kana gwadawa. Yaushe za ka fara kiɗan?" Da aka ce masa ai kiɗan ke nan, sai ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Tun da ka zaɓi ka zubar mana da mutunci, da ma ka zaɓi abin da ake ji." Har ya rasu bai sake tayar da zancen ba.

Malam Manu ya bar masa jitar da shagon. A shagon ne ya haɗu da Rabi'u, ƙanin wani abokinsa, wanda ya kawo wata 'yar fiyano gyara yana danna ta da yatsa ɗaya. Munzali ya gyara ta, ya kuma zaunar da mai ita ya nuna masa inda kowane hannu ke zama. Rabi'u mai kai ne, ga bakin ciniki. Ba a daɗe ba ya haɗa ƙungiya, ya samo Ikrima mawaƙi da mai kalangu, ya zama shi ne shugaba, shi ake kira a waya. Gari ya sa musu suna 'yan fiyano, alhali jitar ta girme su duka. Munzali bai damu ba. Dama shi ba mutumin gaba ba ne, kuma Rabi'u bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya.

Kiɗansu na wunin biki ne, bayan azahar zuwa gab da magariba. Su loda kaya a a-kori-kura, su hau saman lasifika su zauna, a yi ta gwara musu kai har garin da aka gayyace su. In an isa, masu biki sukan ba su wurin da babu mai so, gefen kwata ko kusa da murhu. Wayar janareta gajera ce, kullum ana cewa za a sayo doguwa, don haka injin a bayan Munzali yake zama yana ta ɓaɓatu. Shi kuma ba shi da wata 'yar lasifikar kansa da zai ji abin da yake kaɗawa, dole ya manne da babbar. Inji a kunnen hagu, lasifika a na dama, kaka da rani, shekara da shekaru. Babu wanda ya taɓa ce masa akwai illa, shi ma bai tambaya ba.

Tsirkiya ita ce wahalarsa ta yau da kullum. Babu mai sayar da ita a duk yankin, sai an je Sabon Garin Kano, can ma sai an yi sa'a. Gumi da dattin hannu kan shige cikin murɗinta, muryarta ta dushe, ta koma kamar ana buga katifa. Maganin da Malam Manu ya koya masa shi ne dafawa. Yakan kwance su, ya naɗe kowace kamar gammo, ya zuba a tukunya ya hura wuta. Matarsa Turai ta ware masa wata tsohuwar tukunya mai kunne ɗaya, ta ce kada ta kuskura ta ga abin nan a cikin ta miya. Ruwan na tafasa wani baƙin maiƙo ke tasowa sama. Ya tsame, ya goge, ya shanya a igiyar kaya tsakanin zannuwa. Maƙwabta mata in sun shigo sukan ce, "Turai, yau ma taliyar ƙarfe ake ci a gidan?" Ita kuwa ta ce su zauna a zubo musu. In ya mayar da su ya ja, muryar ta dawo tas, sai ka ga fuskarsa ta sake kamar wanda aka yi wa albishir.

Wata rana ya dafa, ya ɗaura, ya ja, bai ji bambanci ba. Ya ɗauka tsirkiyar ce ta gama aiki, ya tafi har Kano ya sayo sabuwa dal. Ita ma haka. A lokacin ne ya sha jinin jikinsa.

Dama akwai wata ƙara da ta daɗe a kunnensa kamar kukan gyare, wadda takan tafi bayan ya huta. Sai ta daina tafiya. Muryoyin mata suka fara ɓacewa, sannan na maza. A masallaci ya koma satar kallon na kusa da shi don ya san an yi ruku'u. A hanya a gaishe shi ya wuce, aka fara cewa mai jita ya koyi kunnen uwar shegu, ko me yake taƙama da shi oho. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya leƙa ya ce abin da ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai a tsare ragowar, ya nisanci ƙara. Munzali ya ce to, ya fito, washegari yana saman a-kori-kura.

Turai kaɗai ya faɗa wa. Ita ce ta koyi tsayawa a gabansa in za ta yi magana, don ya ga bakinta. Ga sauran mutane kuwa ya ƙware da "haka ne" da gyaɗa kai. Tsoro ɗaya ne ke cinsa, kada Rabi'u ya gane ya ce masa ya huta. Ba shi da wata sana'a da yake ji a ransa, rediyo ma yanzu wa ke kawowa gyara? Sai ya nemo dabaru. In zai saita tsirkiya yakan juya baya ya ciji kan jitar, sautin ya bi haƙora ya shiga ƙoƙon kai, har itacen ya yi shaidar cizo. In an fara kiɗa ya tuɓe takalmi, ya jingina gadon bayansa da lasifika, gurnanin ya riƙa shigarsa ta ƙashi. Da haka yake sanin yana nan, yana cikin kiɗan.

Abin mamaki, a wannan tsakanin ne aka fara yabonsa. Shi da ya shekara ashirin babu wanda ya kalle shi, sai ga mata suna ratsowa har bayan fiyano suna yi masa liƙi a goshi. Wata Hajiya a Surko ta tsaya a gabansa ta ɗaga murya yadda har shi ya ji, ta ce, "Malam mai jita, yau kam ka girgiza mu." Ya koma gida bakinsa har kunne. Ya ce wa Turai, "Kin gani ko? Kunne ya tafi, amma hannu sai yanzu ya nuna." Ta yi murna tare da shi, ta ƙara masa man shanu a tuwo. Duk wanda ya san Munzali zai ce waɗannan watanni su ne mafi daɗi a rayuwarsa, kuma wannan ne abin baƙin cikin.

A Gwaram abin ya fashe, da bazara, a wani biki da aka ajiye su ƙarƙashin mangwaro. Kiɗa ya yi kiɗa, mata sun cika fili. Ashe akwai gidan rina a reshen da ke samansa. Ɗaya ta sauko ta harbe shi a bayan hannu. Ya saki jitar tana lilo a kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu yana yarfewa.

Gurnanin bai tsaya ba. Yana nan yana dukan bayansa, yana hawa yana sauka, salon nan nasa na kansa da ya ƙirƙira tun a shagon Malam Manu. Ya dubi hannuwansa a sama, ya dubi tsirkiyar da babu mai taɓa ta. Sai ya ɗan leƙa ta gefen kafaɗar Rabi'u. Hannun dama na can sama yana ta ado, na hagu kuwa yana ƙasan fiyano yana tafiya a natse, yana kaɗa aikin Munzali tiryan-tiryan. Zafin harbin ya ɓace masa. Ya mayar da hannu kan jita ya ƙarasa wunin, bai san me ya kaɗa ba.

A hanyar dawowa suka tsaya salla a gefen titi. Bayan an shafa, Munzali ya ja Rabi'u gefe ya ce, "Tun yaushe?"

Rabi'u ya sunkuyar da kai ya faɗi wani abu.

"Ɗago ka kalle ni. Ba na ji."

Ya ɗago ya maimaita a hankali, irin yadda ake faɗin maganar da ba a so ta fita. Munzali ya girgiza kai. Babu yadda Rabi'u zai yi, maganar da ta kamata a yi ta cikin raɗa dole ya ɗaga murya ya faɗe ta a bakin hanya, Ikrima da mai kalangu da direba duk suna ji, suna yi kamar suna gyara igiyar kaya.

"Tun bikin Kiyako, Yaya. Na bara waccan."

A garinsu ma ke nan, a gaban danginsa. Munzali ya ce, "Amma ina jin kaina in muna gwaji."

"A gwaji nakan bar ka a buɗe. In an fara waƙa sai in rage ka a miksa." Miksa ita ce akwatin maɓallan da ake ƙara wa kowa murya ko a rage masa, kuma a gefen Rabi'u take zama. "Hannunka yana nan, Yaya, wallahi yana nan. Amma in Ikrima ya juya ba ka ji, muna gabas kana yamma. Masu biki sun fara magana. Na rasa bakin da zan faɗa maka."

"Su ma sun sani?"

Sauran suka ƙara duƙufa kan igiyar da ta riga ta ɗauru.

"Ba korarka zan yi ba," in ji Rabi'u, idonsa ya kawo ruwa. "Kai ka ɗora min hannun nan a kan fiyano. Duk abin da yake kaɗawa naka ne. Wurinka yana nan muddin ina raye."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Munzali ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya tuna yadda yake rusunawa yana godiya in an yi masa liƙi, su kuwa suna kallo.

Da ya faɗa wa Turai, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Sannan ta matso gabansa ta ce, "Malam, ka bar shi haka. Akwai gona a Kiyako, 'yan'uwanka ba za su hana ka ba."

"Ban yarda ba," in ji shi. "Rabi'u tsoro ya ji, ya yanke hukunci shi kaɗai. Waƙoƙin nan ni na san su tun kafin ya san hannunsa na hagu. A buɗe ni sau ɗaya in gani."

Shi ke nan zancen da ya kwana da shi ya tashi da shi: ko har yanzu shi makaɗi ne, ko kuwa kayan ado ne da ake lodawa a mota tare da lasifika.

Ya sami Rabi'u ya ce waƙa ɗaya yake roƙo. Rabi'u ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ga babu mafita ya yarda. Aka sa bikin Basirka, wani babban gida mai faɗin tsakar gida, mata sun yi anko shuɗi. Ranar Munzali ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya miƙa wa Rabi'u jitarsa ya saita masa ita da kunnensa mai lafiya, don kada a ce daga tsirkiya ne. Rabi'u ya jawo miksa ya ajiye tsakaninsu, ya nuna masa maɓalli guda ya ce da ƙarfi, "Ga naka." Suka zaɓi waƙar amarya, wadda Munzali zai iya kaɗawa ko cikin barci.

Da aka zo kanta, Rabi'u ya murɗa maɓallin, ya ɗauke hannunsa na hagu daga fiyano ya ɗora a gwiwa.

Munzali ya ja tsirkiya, abin ya doki bayansa. Nan take ya gane bambancin. Wannan ya fi kaushi, ya fi nauyi, yana da numfashi, in ya danne ya tsaya, in ya saki ya tafi. Nasa ne. Wani daɗi ya taso masa, ya ji haushin kansa da ya daɗe bai gane an musanya masa ba. Ya rufe ido ya shiga waƙar, yana rera baitocin a zuci yana binsu ɗaya bayan ɗaya, ya juya inda ake juyawa, ya sauka inda ake sauka.

Abin da bai gani ba shi ne gwaggon amarya ta shigo fili da rawa tun a baiti na biyu. Mawaƙin biki kuwa ba ya barin irin wannan ta wuce haka nan. Ikrima ya tsaya a kanta yana kirari, ya ambaci mijinta, ya ambaci 'ya'yanta, ya ja baitin ya ƙara ja. Fiyano ta jira shi, kalangu ya jira shi. Munzali kuwa tuni ya wuce gaba, yana can cikin waƙar da ke kansa.

Da ya buɗe ido yana murmushi, gwaggon ce ya fara gani. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a gaba, tana waige-waige kamar wadda aka kira daga nesa. Matan da ke bayanta rawarsu ta watse, wasu na gwada kama takun suna sakewa, wasu sun tsaya cak. Ikrima ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana ƙoƙarin riƙe muryarsa, jijiyar wuyansa ta fito. Amarya ta duƙar da kai ƙawayenta na taɓa juna. Wani dattijo daga cikin masu gida ya ratso da sauri, ya wuce Munzali ko kallonsa bai yi ba, ya je ya duƙa gaban janareta yana dubawa, a zatonsa injin ne ya lalace.

Munzali ya dubi Rabi'u. Hannun nan na nan a kan gwiwa, bai ɗaga shi ba. Ya yi alkawarin waƙa guda, kuma a shirye yake ya bar bikin ya lalace a kan ya karya shi.

Sai Munzali ya miƙa hannu da kansa ya kama maɓallin. Ya murɗa shi a hankali, yana jin gurnanin na janyewa daga bayansa har ya mutu, lasifikar ta koma katako kawai. Ya gyaɗa wa Rabi'u kai. Hannun hagu ya hau fiyano, bayan Munzali ya sake ɗaukar gurnani, gwaggon amarya ta gyara mayafi ta ci gaba daga inda ta tsaya, fili ya sake cika. Dattijon ya taso daga wurin inji yana share hannu, da alamar gamsuwa ya gyara abin.

Munzali ya tsaya hannunsa a sake. Waƙar da saura, ga mai ɗaukar bidiyo ya juyo da kyamara wajensu. Ya gyara tsayuwa, ya mayar da yatsunsa kan tsirkiya, ya ci gaba da motsa su.